Kamfani Biyu, Ɗakin Tuƙi Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa wani ɗaki ne da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, ko da mun sha hawa jirgin sama. Ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan na can gaba, inda matuƙa biyu suke zaune a bayan ƙofa a kulle. Abin da muke son sani shi ne, me ke faruwa a wannan ɗaki idan kamfanonin jiragen sama biyu suka haɗe suka zama ɗaya?

Mukan ji irin wannan haɗewa a labaran kasuwanci. Air France da KLM a 2004, Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, American da US Airways a 2013. A ƙarshen 2024 ma Air India ta haɗiye Vistara, Korean Air kuma ta sayi Asiana. Labarin da ake ba mu na kuɗi ne, da yawan jirage, da wanda zai hau kujerar shugabanci. Fasinja kuwa abin da idonsa ke gani sabon fenti ne a jikin jirgi da sabon yunifom a jikin ma'aikata. Duk waɗannan kuɗi na yin su cikin 'yan watanni. Abin da ke cin shekaru shi ne a sa mutum biyu da suka tashi a gidaje daban-daban su riƙa fahimtar juna cikin 'yan daƙiƙun da rayukan mutane suke hannunsu.

Bari mu fara da wani abu da zai ba wasu mamaki. A manyan kamfanoni, inda matuƙa suka kai dubbai, sau da yawa kyaftin da mataimakinsa ba su taɓa ganin juna ba sai awa guda kafin tashi. Su gaisa, su duba yanayin sama da yawan mai, su shiga jirgi su ɗauki mutum ɗari biyu. To ta yaya baƙin juna za su yi aiki mai haɗari haka?

Amsar ita ce, komai a rubuce yake. Kowane kamfani yana da kundin ƙa'idojinsa da ke faɗin wane ne zai taɓa wane maɓalli, a wane lokaci, da kalmar da zai furta. Ku saurari yadda tashi yake. Ɗaya ne ke tuƙi, ɗayan aikinsa sa ido. Jirgi ya fara gudu a kan titi, mai sa ido ya kira adadin gudun da aka kai, mai tuƙi ya amsa cewa ya gani. Wannan amsa ba ta ladabi ba ce kawai: idan bai amsa ba, abokinsa zai ɗauka wani abu ya same shi, ya shirya karɓar jirgin. Can gaba kaɗan sai a kira gudun da idan an wuce shi babu sauran tsayawa, ko da inji ya mutu sai an tashi. Sai a kira a ɗaga hancin jirgi. Mai sa ido ya tabbatar ana hawa, ya faɗa, mai tuƙi ya ce a ɗage tayoyi. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Kuma ko a nan akwai bambanci: a tsarin Boeing kiran farkon yakan zo ne idan gudu ya kai tamanin, a tsarin Airbus kuwa a ɗari, sannan kowane kamfanin sufuri yana ƙara nasa gyare-gyaren a kai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi. Ba sa kallon juna, ba sa shawara, taɓarya na sauka ɗaya na tashi, domin kowace ta san lokacin 'yar'uwarta. A kawo wadda ta koyi nata dakan da wani sauti daban, ko da ta fi su iyawa, taɓare za su yi karo. Matuƙan da ke shigowa daga ɗaya kamfanin ƙwararru ne, babu mai musun haka. Matsalar ita ce hannunsu da kunnensu sun saba da wani tsari na shekara ashirin, kuma idan tsoro ya zo, jiki tsohon sabo yake komawa.

Idan tsarin ya zauna daram, ga abin da yake iya yi. Ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways ya tashi daga birnin New York, ya yi karo da garken tsuntsaye, injinansa biyu suka daina aiki. Kyaftin Chesley Sullenberger ya ce, "Jirgi a hannuna." Mataimakinsa Jeffrey Skiles ya amsa, "Jirgi a hannunka," ya buɗe littafin gaggawa ya shiga ƙoƙarin tayar da inji. Suka saukar da jirgin a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka rayu. Waɗannan mutane biyu a farkon wannan zagayen aikin suka fara haɗuwa. Shi Sullenberger ma asalinsa matuƙin wani kamfani ne mai suna PSA, wanda USAir, wato US Airways ta wancan lokaci, ta haɗiye a ƙarshen shekarun 1980. Shekara ashirin ta isa ta mayar da su masu harshe ɗaya. Damuwarmu a yau ita ce shekarun farko, kafin a kai ga haka.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da wani nazari a 1994 kan manyan haɗurra 37 da kuskuren matuƙa ya shiga cikinsu tsakanin 1978 da 1990. A cikin waɗanda aka samu bayanin tarihin matuƙansu, kashi 73 cikin 100 sun faru ne a ranar farko da matuƙan suka fara aiki tare. Kuma a fiye da kashi 80 cikin 100 na haɗurran, kyaftin ne ke riƙe da tuƙi, wato ƙaramin ne ke da alhakin cewa, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure." Ku riƙe wannan a zuciya, domin haɗewar kamfanoni tana ninka yawan ranakun farko, tana kuma ƙara wa wannan magana nauyi a baki.

Ba da sauƙi aka koyi muhimmancin wannan magana ba. A tsibirin Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM babban malamin horarwa ne a kamfaninsa. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. A Disambar 1978 kuma wani jirgin United ya yi ta shawagi a kan birnin Portland ana fama da matsalar taya har mai ya ƙare, mutum 10 suka rasu, alhali na ƙasa da kyaftin sun lura man yana ja baya, sai dai ba su faɗa da kakkausar murya ba. Daga nan aka ƙirƙiro horon da ake kira CRM, wanda United ta fara shi gadan-gadan a 1981. Ana koya wa babba ya nemi ra'ayi ya kuma saurara, ana koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili, ya maimaita, in ta kama ya karɓi jirgin. Mu da muka tashi cikin tarbiyyar kunyar manya mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma girmama babba abu ne mai kyau. Amma a wannan ɗaki, girmamawar da ta fi ita ce ka hana shi kuskuren da zai halaka shi da kai da mutanen da ke bayanku.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu bari mu tafi ƙasar Kanada, inda aka yi haɗarin da har yau ake koyar da shi idan ana maganar haɗewar kamfanoni.

A 1987 aka haɗa kamfanoni biyu aka samar da sabon Air Ontario. Ɗaya shi ne Austin Airways, mai aiki a arewacin lardin Ontario, inda ake sauka a ƙananan filaye cikin daji da sanyi, matuƙansa sun saba da dabara da yin maneji da abin da ke akwai. Ɗayan kuma kamfanin kudu ne mai zirga-zirga tsakanin birane bisa jadawali, inda aka saba da bin littafi. Aka zuba su a tukunya ɗaya, aka shiga rigimar wa ke gaba da wa, a 1988 matuƙa suka tafi yajin aiki. Cikin wannan hali ne kamfanin ya shigo da jirginsa na farko mai injin jet, samfurin Fokker F28, alhali bai ma kammala rubuta nasa littafin tuƙa shi ba. Sai aka tura matuƙa Amurka koyo, suka dawo kowa da littafin inda ya yi karatu.

Ranar Juma'a 10 ga Maris 1989, jirgin ya taso daga Thunder Bay zai je Winnipeg, zai yada zango a wani ƙaramin gari mai suna Dryden. Kyaftin George Morwood ya fito ne daga ɓangaren kudu, mutum ne da aka sani da bin doka, ya tara awoyin tuƙi sama da dubu ashirin. Mataimakinsa Keith Mills ɗan ɓangaren Austin ne, shi ma tsohon hannu. Amma a kan wannan samfurin jirgi babu wanda ya cika awa ɗari a cikinsu. Kyaftin yana aiki da littafin kamfanin Piedmont, mataimakinsa yana aiki da na USAir. Kujeru biyu, littafi biyu, kuma babu na kamfanin da ke biyan su albashi.

Tun da safe an makara. Ƙaramin injin taimako da ake kunna manyan injina da shi ya lalace, amma aka sallami jirgin a haka. A Dryden kuwa babu na'urar ƙasa da za ta tayar da irin wannan jirgi. Ma'ana, idan kyaftin ya kashe injinansa duka, jirgin ya kwana a nan da fasinjojinsa, ga shi ana shiga hutun makaranta, iyalai sun cika kujeru. Sai aka sha mai da inji ɗaya a kunne. Dusar ƙanƙara ta fara sauka tana taruwa a kan fukafukai. Maganinta shi ne a wanke da ruwan magani, amma dokar kamfanin ta hana wankewa muddin inji na aiki. Kun ga tarkon: in ya kashe ba zai tashi ba, in bai kashe ba ba za a wanke ba. Kyaftin ya shiga cikin ginin filin ya yi waya da ofishin kamfani, waɗanda suka gan shi sun ce ya fito rai a ɓace. Da suka nufi titin tashi, sai ga wani ƙaramin jirgi da yanayi ya rutsa da shi yana neman sauka, aka ƙara jira, dusar na ƙara taruwa.

Abin da ya fi taɓa zuciya yana cikin ɗakin fasinja. Mutane sun ga abin da ke kan fiffike ta taga. A cikinsu har da matuƙa biyu da ke tafiya a matsayin fasinjoji, suka yi shiru, suna ganin ba daidai ba ne su koya wa ɗan'uwansu aikinsa. Ma'aikaciyar jirgin da ta tsira, Sonia Hartwick, ta gani, wani fasinja ma ya nuna mata damuwarsa, amma ba ta kai maganar gaba ba, domin abin da ta saba gani shi ne matuƙa ba sa maraba da irin wannan magana daga ma'aikatan baya. Jirgin ya yi gudu, ya ɗaga da ƙyar, ya kasa hawa, ya faɗa cikin itatuwa ƙasa da kilomita ɗaya daga ƙarshen titi, wuta ta kama. Cikin mutum 69, 24 suka rasu, har da matuƙan biyu.

Wuta ta lalata na'urorin naɗar bayanai, saboda haka babu wanda ya ji abin da matuƙan suka ce wa juna. Da an so, da sai a ce kyaftin ya yi kuskure a rufe fayil. Mai shari'a Virgil Moshansky, wanda aka ɗora wa binciken, ya ƙi tsayawa a nan. Ya bi sawun abin har ofisoshin kamfanin, da Air Canada mai mafi yawan hannun jari a cikinsa, da ma'aikatar sufurin ƙasar wadda masu sa idonta suka yi kaɗan. Rahotonsa ya fito a 1992 da shawarwari 191. Bai ce haɗewar ce kaɗai ta kashe mutane ba. Ya nuna yadda rikicin haɗewar, da sauye-sauyen shugabanni, da gaggawar shigo da sabon jirgi suka bar mutum biyu su kaɗai a gaban shawarar da bai kamata a ce ta rage gare su ba. A ganina, duk shugaban kamfanin da ke shirin haɗewa ya kamata a zaunar da shi ya karanta wannan rahoto kafin ya sa hannu a takarda.

(Gajeren kiɗa)

Akwai wani abu kuma da wanda ba ya cikin sana'ar ba zai gane zafinsa da wuri ba, wato jerin fifiko. A yawancin manyan kamfanoni, musamman a Amurka da Kanada, ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce lambarka, kuma lambar nan ita ce rayuwarka. Ita ke faɗin yaushe za ka zama kyaftin, wane jirgi za ka tuƙa, a wane gari za ka zauna, ko za ka yi salla ko kirsimeti a gida, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Ba a tafiya da ita wani kamfani. In ka sauya wurin aiki, daga ƙasa za ka fara. To yanzu a ce ga jeri biyu, a mayar da su ɗaya. Duk yadda aka yi, sai wani ya ga an zalunce shi.

Da American ta sayi TWA a 2001, an jera da yawa daga matuƙan TWA a can ƙasan jeri, kuma da aka zo rage ma'aikata bayan harin 11 ga Satumba su abin ya fi shafa. Ƙorafin ya kai har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2007 da ta wajabta a haɗa irin wannan jeri bisa adalci, in an kasa a je gaban mai raba gardama. Amma ko raba gardamar ba ya kashe wutar. US Airways da America West sun haɗe a 2005. Mai raba gardama George Nicolau ya yanke hukunci a 2007, matuƙan tsohuwar US Airways suka ce ba su yarda ba, suka fice daga ƙungiyarsu suka koma wata sabuwa a 2008, aka yi ta shari'a. Shekara da shekaru kamfani ɗaya ne a suna da fenti, amma 'yan tsohuwar US Airways ba sa tuƙi da 'yan America West, har wata haɗewar da American ta zo ta same su a haka. A Indiya ma, bayan an haɗa Air India da Indian Airlines a 2007, 'yan ubancin bai kwanta ba. A 2012 matuƙan tsohuwar Air India suka yi yajin aiki na kusan wata biyu, kuma babban abin da ya tayar da shi shi ne wa za a horar a kan sabon jirgin Boeing 787.

Me ya haɗa wannan da lafiyar fasinja? Ka zauna awa takwas kafaɗa da kafaɗa da mutumin da kake ganin ya ƙwace maka kujerar kyaftin. Ba za ku yi faɗa ba, ku ƙwararru ne. Amma hira za ta ragu, tambaya za ta ragu, kuma ɗan gyaran da za ka yi masa da sakin fuska sai ka tsaya kana auna yadda zai ɗauke shi. Shi ma idan ka gyara masa, zuciyarsa na iya raya masa cewa kana nuna tsarin gidanku ya fi nasu ne. Wannan 'yar tsayawar ita ce abin da aka shafe shekaru arba'in ana ƙoƙarin cirewa daga ɗakin tuƙi.

Wani lokaci ma ba gaba ba ce, hankali ne kawai ke tafiya wani wuri. Ranar 21 ga Oktoban 2009, shekara guda bayan Delta ta sayi Northwest, wani jirgin Northwest samfurin Airbus A320 ya taso daga San Diego zuwa Minneapolis. Sama da awa guda masu kula da zirga-zirgar sama suna kira babu amsa, har aka sa jiragen yaƙi cikin shiri. Jirgin ya wuce garin da zai sauka da kimanin kilomita 240. Sai da wata ma'aikaciya ta kira su daga baya tana tambayar lokacin sauka sannan suka farga. Matuƙan sun shaida wa masu bincike cewa sun buɗe kwamfutocinsu ne, mataimaki yana nuna wa kyaftin yadda sabon tsarin rabon ranakun aiki yake, wanda haɗewar ta kawo. An sauka lafiya, hukuma ta soke lasisinsu. Laifinsu ne, babu mai wanke su. Amma ku dubi abin da ya cinye hankalin mutum biyu masu dogon tarihin aiki: yadda za su samu ranakun da za su ga iyalinsu a ƙarƙashin sabon tsari.

Sai batun horon kansa, inda aka fi kai ruwa rana. Kafin kamfanoni biyu su yi aiki da lasisi guda, dole hukuma ta gamsu cewa littafinsu ya zama ɗaya. Kowane wata da aka ƙara ana tafiyar da tsari biyu asara ce ga kamfani, saboda haka akwai matsin a gama da wuri. A Satumbar 2011 ƙungiyar matuƙan United ta je kotu tana neman a dakatar da fara aiki da wasu sababbin ƙa'idoji, waɗanda da yawansu daga tsarin Continental aka ɗauko. Kukansu shi ne an ba su darasi a kwamfuta kawai, alhali sauye-sauyen sun shafi abubuwan da ake yi cikin gaggawa, waɗanda suke ganin sai an shiga na'urar kwaikwayon jirgi an maimaita. Kamfanin ya ce hukumar jiragen sama ta amince da shirinsa, kuma ƙungiyar na amfani da batun ne don matsa lamba a cinikin albashi. Alƙali bai ba ƙungiyar abin da ta nema ba, kuma a ƙarshen Nuwamban shekarar aka ba kamfanin lasisi guda.

Mai yiwuwa ne akwai siyasar ƙwadago a cikin ƙarar, domin a lokacin ba a gama yarjejeniyar albashi ba. Duk da haka, a kan ainihin maganar ina tare da matuƙan. Karatu a allo yana sanar da kai cewa doka ta sauya. Ba ya sauya abin da hannunka zai yi idan iska ta danna jirgi ƙasa ana dab da sauka, ƙararrawa na kuka. Wannan sai an zauna a na'urar kwaikwayo, wadda ke girgiza tana ruri kamar jirgin gaske, an yi, an kuskure, an sake, tare da mutumin ɗaya ɓangaren a kujerar kusa. Na'urar tana da tsada, kuma matuƙin da ke cikinta ba ya kawo kuɗi a ranar. Kamfanin da ya iya kashe biliyoyin daloli wajen sayen wani kamfani bai da hujjar yin tsumulmula a nan.

A Janairun 2015 shugabannin sashen tuƙi da na kiyaye haɗari na United suka aika wa matuƙansu wata takardar gargaɗi mai zafi, bayan wasu abubuwa da suka kusa zama haɗari, ciki har da jirgin da sai da aka fizge shi sama don kada ya daki ƙasa, da wanda ya sauka da mai ƙasa da ƙa'ida. Takardar ta ambaci yawan masu ritaya, da sababbin ɗauka, da masu sauya kujera, ta kuma tunatar da su wajibcin yin magana da karɓar gyara. Ba na cewa haɗewar ce ta jawo waɗannan. Abin lura shi ne kamfanin da ya fara koyar da wannan darasi a 1981 ya ga bukatar sake tuna wa mutanensa shi bayan shekara 34. Ɗabi'ar ɗakin tuƙi ba a gina ta sau ɗaya a huta.

Akwai waɗanda suka fi iya tafiyar da abin. Delta da Northwest sun sasanta yarjejeniyar matuƙa tun kafin a kammala cinikin, aka fitar da jerin fifiko guda a Disambar 2008, aka riƙa shigo da sauye-sauyen ƙa'ida kashi-kashi, sannan aka karɓi lasisi guda a ranar ƙarshe ta 2009. Hikimar ita ce a kashe rigimar lamba da albashi tukuna, kafin a zaunar da mutane a ɗaki ɗaya. Masu wannan fanni sukan ƙara da cewa a fara haɗa malaman horarwa na ɓangarorin biyu, domin idan malamai ba su daidaita ba kowa tsohon gidansa zai ci gaba da koyarwa. Sukan kuma sa ƙwararren mai lura ya zauna a kujerar baya a tafiye-tafiye na yau da kullum, yana rubuta abin da ake yi a zahiri ba tare da sunan kowa ba. Da haka ake gane inda tsohon sabo yake ɓuya. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai matuƙi ya amince cewa in ya kai rahoton kuskurensa da kansa ba za a yi amfani da shi a hukunta shi ba, kuma amana ita ce abin da rikicin haɗewa ya fi saurin cinyewa.

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. Delta da United suna sauka a Legas da Accra, 'yan'uwanmu na hawansu. A gida Najeriya, hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓi ragamar Aero Contractors a 2016 da Arik a 2017, kuma an sha yin maganar haɗa su. Sannan duk shekara lokacin aikin Hajji akan yi hayar jirage da matuƙa daga ƙasashe daban-daban, wanda shi ma haɗa gidaje ne na ɗan lokaci. Mutanen Sakkwato da kewaye ba su manta 11 ga Yulin 1991 ba, ranar da jirgin alhazai ya kama wuta bayan tashi daga Jidda, mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Jirgin na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, yana jigila da sunan Nigeria Airways. Bincike ya nuna akwai tayoyin da iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba, wasu a ƙasa sun sani, amma gudun makara ya sa aka sallami jirgin a haka.

Saboda haka idan ranar ta zo da za a haɗa wasu kamfanoninmu, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa su yi wa hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da masu kamfanin tun kafin bikin buɗe sabon tambari. Littafin wa za a bi, kuma an gama rubuta shi? Awa nawa kowane matuƙi zai yi a na'urar kwaikwayo kafin a haɗa shi da ɗan ɗaya ɓangaren? An warware batun wa ke gaba da wa, ko an bar shi sai an tashi sama? Kuma hukumar tana da isassun masu duba aiki da za su zauna a ɗakin tuƙi su gani da idonsu a watannin farko? In amsar ɗaya daga ciki ita ce a'a, to a ɗage ranar haɗa matuƙan, ko da jiragen sun riga sun sha sabon fenti.

 

(Kiɗan rufe shiri)